Kamfanin ɗab'i ko bugawa da kanka: wace hanya ta dace da wane littafi?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana da ƙagaggen labari da ya kai rabi, da littafin koyar da sana'a mai babi biyu, ga kuma gajerun labarai a warwatse. Ya nemi kamfanin ɗab'i ne, ko ya buga da kansa?

Malam, kowane ɗaya daga cikin ukun nan da hanyarsa, kada ka yi musu kuɗin goro.

Idan kamfani ya karɓi littafinka, shi ke biyan edita da mai zanen bango da maɗaba'a, shi ke kai shi kasuwa. Wani kan ba ka kafin alƙalami, amma ka sani daga kasonka za a cire shi, ba za ka sake ganin kuɗi ba sai ciniki ya rufe abin da aka ba ka. Kason marubuci a littafin takarda yakan tsaya tsakanin kashi 7 zuwa 15 cikin 100, kuma idan wakili, wato mai nema wa marubuci kamfani, ne ya shige maka gaba, la'adarsa kashi 15 ce daga abin da ka samu. Daga sa hannu zuwa fitowar littafi ana ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu.

In kai ka buga, duk ɗawainiyar nan a wuyanka take, amma haƙƙin mallaka na hannunka kuma kasonka ya fi tsoka. A Amazon KDP, dandalin intanet na kamfanin Amazon na masu buga littafi da kansu, littafin da ake karantawa a waya yana kawo kashi 35 ko 70, gwargwadon farashin da ka sa. Inda masu wannan hanya suke faɗuwa shi ne tsallake edita don rage kashe kuɗi, sai littafi ya fito da kurakurai tun shafin farko. Wasu kuma su buga kwafi da yawa kafin su san wa zai saya, kwalaye su yi ta shan ƙura. Kowane nau'i, na takarda da na waya, ba ya amfani da lambar ISBN ta ɗan'uwansa, wato lambar shaidar da ake gane littafi da ita a kasuwa.

To, ga littattafanka. Ƙagaggen labarin sabon marubuci ba a duba shi sai ya kammala, an tace shi. Kada ka aika rabi, domin in kamfanoni sun nemi sauran ba ka da shi, ƙofar ta rufe. Kada kuma ka zuba shi gaba ɗaya a intanet idan kana da niyyar kai musu, yawancinsu ba sa son abin da ya riga ya fita. Littafin sana'a kuwa ana iya tallata shi tun bai ƙare ba: ka rubuta bayanin abin da ya ƙunsa, su wa za su karanta, jerin babi-babi, ka haɗa da babin nan biyu a matsayin samfuri. Idan kana da ɗalibai ko masu bibiyar aikinka, wannan ne ya fi dacewa ka buga da kanka, tunda masu sayensa suna gabanka. Gajerun labarai su suka fi wuyar shiga wurin kamfani, gara ka riƙa aika su mujallu ɗaya bayan ɗaya.

Taura biyu ba ta taunuwa, saboda haka ƙagaggen labarin za ka ba wa safiyarka har ya ƙare, sauran su jira ƙarshen mako.

Ranar da yarjejeniya ta zo, ka karanta wurare biyu da kyau. Akwai sharaɗin da ke ba kamfani damar fara ganin littafinka na gaba, wanda zai iya ɗaure sauran biyun, don haka ka nemi a taƙaita shi ga littafi irin wanda suka karɓa kawai. Sai sharaɗin da ke faɗin lokacin da haƙƙinka zai dawo hannunka idan sun daina bugawa. Duk kamfanin da ya ce kai za ka biya shi kafin ya karɓi aikinka, aikin maɗaba'a yake sayar maka, don haka kada ka sa hannun da zai ba shi haƙƙin littafinka.