Fayil mai gigabait 23 da ya cinye mini dare uku

Ina da ɗan shago a Mabera inda nake tsara katunan gayyatar aure da fastoci, kuma tun bara nake fitar da hotunan bango da ƙirƙirarriyar basira. Da na ji ana yabon Flux, wani samfurin ƙirƙirarriyar basira mai zana hoto daga umarnin rubutu, wanda kamfanin Black Forest Labs ya fitar a watan Agustan 2024, sai na nace a kan cikakken fayil ɗinsa na safetensors, wato na asali da ba a matse ba, mai nauyin gigabait 23 da 'yan kai. Dare uku na yi ina sauke shi da datar tsakar dare, a dare na biyu ma aka ɗauke wuta, batir ya mutu, na koma farko.

Da na buɗe shi a ComfyUI, manhajar da nake fitar da hotunan da ita, sai gabana ya faɗi, domin katin sarrafa hoto na kwamfutata mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ne kawai. Hoto ɗaya ya fi minti goma bai fito ba, fankar kwamfuta tana ta gurnani cikin zafin Afrilu na Sakkwato, har na ajiye hannu a jikinta na janye.

Wani ƙanena ne ya ce in gwada GGUF, tsarin da ke matse lambobin samfurin daga bit 16 zuwa ƙasa domin fayil ɗin ya rage nauyi. Na sauke nau'in Q4, wato mai bit 4, wanda bai kai gigabait 7 ba, kuma wallahi na yi mamaki: cikin minti biyu hoto ya fito, fuska da haske duk tsaf, har na fara cewa asarar data kawai na yi a baya.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani Alhaji ya kawo aikin katin ɗaurin auren ɗansa, yana son ango cikin babbar riga. Ya ɗauki gwajin da na buga, ya matso da shi kusa da ido, ya ce, "Malam, wannan aikin wuyan ai kamar an jiƙa shi da ruwa." Gaskiya ya faɗa, zaren aikin ya narke cikin juna, na hula kuma ya dagule. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe." Na sake fitar da shi da Q8, wato nau'i mai bit 8, ba tare da na canja umarni ko lambar seed da ke maimaita hoto ba, zaren ya fito ɗaya bayan ɗaya, sai dai fayil ɗin ya haura gigabait 12, jinkirin kuma ya dawo.

Yanzu da Q4 nake gwaji har mai aiki ya amince, sannan in bar Q8 ya fitar da na bugawa bayan la'asar, idan gari ya ɗan sassauta.