Harshen mdoc ya haɗiye mini “An” ana jajibirin fita Mina

Na daɗe ban ga abin da ya burge ni kuma ya ƙona mini rai a lokaci guda kamar mdoc, harshen rubuta shafukan jagorar manhaja, da manhajar mandoc da ke karanta shi ba. Ina aiki a wani ofishin jigilar alhazai a Makka, kuma ni na rubuta ƙaramar manhajar da muke raba motoci da ita tsakanin masaukai da Mina da Arfa. Galibin masu aikin dare namu yaran Shara Mansur ne, Hausa da Larabci suke ji sosai, Turancinsu kuwa na lallaɓawa ne, shi ya sa na yanke shawarar rubuta musu shafin jagora da Hausa, wanda za su buga umarnin man da sunan manhajar ya fito musu a allo ba sai sun tashe ni daga barci ba.

Da farko na gwada tsohon salon man, wanda ya zo da Unix bugu na 7 a 1979, amma na gaji da shi da wuri, domin shi kamannin rubutu kawai ya sani: wannan a kaurara shi, wancan a karkata shi. Shi kuwa mdoc, wanda Cynthia Livingston ta tsara a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ya kuma fara fitowa a 4.3BSD-Reno, wani bugu na Unix, a 1990, ma'anar kalma yake tambaya. A cikin alamominsa, Nm sunan manhaja ne, Fl zaɓin da ake sa wa karan ɗori (-) a gaba, Ar abin da mai aiki zai cike da kansa, Xr kuma nuni zuwa wani shafi. Ka faɗa masa mene ne abu, shi ya san yadda zai fito da shi. Shafin da ke bayanin harshen kansa, wato mdoc na sashe na 7, ya ba ni ƙwarangwal ɗin shafi a shirye tun daga layukan farko na Dd da Dt da Os har ƙasa, na kwafa na cike, kafin la'asar na gama. A ranar har cewa na yi ban taɓa karanta jagorar da ta kai wannan tsari ba.

To, ga abin da ya faru. A shafina akwai jerin saƙonnin da manhajar ke fitarwa idan ta gama wani aiki, kowane da bayaninsa a ƙasa: “An ajiye kwafi”, “An tura jadawali”, “An rufe rajistar motoci”. Na jera su da Bl -tag, alamar buɗe jeri, kowane saƙo a kan layin It, alamar kowane abu a cikin jerin. Abin da ban sani ba shi ne, a mdoc An alama ce ta sunan marubuci, kuma layin It yana bincika kalmominsa ya ga ko akwai alama a ciki. Sai ya ɗauki An ɗina a matsayin umarni ya haɗiye ta, ya bar sauran. Abin da ya fito a allo shi ne “ajiye kwafi”, “tura jadawali”, “rufe rajistar motoci”. Duk Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin an rufe ƙofa da rufe ƙofa: labari ya koma umarni, jerin saƙonni ya koma jerin matakai.

Daren 7 ga Zulhijja, ana shirin kwasar mutane zuwa Mina washegari, wani yaronmu mai bin ƙa'ida sau da ƙafa ya buɗe shafin ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe rajista alhali ba a gama raba motoci ba. Wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara, na ji muryar dattijon da ke shugabantar aikin dare yana cewa, “Injiniya, injin naka ya ƙi karɓar mota, ga direbobi sun cika mana ƙofa.” Na ce, “Baba, a yi haƙuri, ga ni nan tafe.” Da na isa na tambayi yaron wa ya sa shi, sai ya juyo mini da allon ya ce, “Yaya, ai kai ka rubuta.” Kuma gaskiyarsa. Sai dab da asuba muka gama warware abin, ga cunkoson Makka na waɗannan kwanaki da ba sai na ba kowa labarinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tace fayil ɗin da mandoc -T lint, umarnin neman kurakurai, kafin in saka shi, ya kama mini ƙananan abubuwa irin su fara sabuwar jimla a tsakiyar layi, amma bai ce uffan a kan An ba, tunda a wurinsa na ambaci marubuci ne mai suna “rufe rajistar motoci”, kuma babu dokar da ta hana. Da na koma jagorar a tsanake na tarar an faɗi maganin: a sa \& gaban kalmar da ta yi kama da alama. Har ma akwai nau'in jeri na -diag da aka tanada domin saƙonnin manhaja, wanda ba ya bincika kalmomin It ko kaɗan. Ke nan laifin ba ya rasa rabona. Sai dai gargaɗin yana can ƙasa, bayan dogon bayanin alamomi fiye da 100, inda mai gaggawa ba ya kaiwa, alhali Ta da So da Fa ma duk alamomi ne, kuma duk kalmominmu ne na yau da kullum.

Ban gama hucewa ba na gano wata. Layin da ya fara da “'Yan aiki” ya ɓace ɗungurungum, saboda a roff, uwar waɗannan harsuna, waƙafin sama a farkon layi daidai yake da ɗigon da ake fara layin umarni da shi, kuma wannan bayani a wani shafin daban yake, na roff. Wannan kam lint ya nuna shi, ban yi masa ƙarya ba. Haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa lafiya a allo da kuma -T html, amma da na nemi PDF domin in manna a bangon ofis, ɗ da ɓ suka koma alamomin tambaya. Kanun sassa irin su NAME da SYNOPSIS kuma na bar su da Turanci, domin da su mandoc ke gane tsarin shafi.

Duk da haka ban koma tsohon salo ba. Tun da Kristaps Dzonsons ya fara mandoc a 2008, OpenBSD, wata 'yar gidan Unix, kuma ta rungume shi a 2010, an san shi da sauri da rashin nauyi, kuma na shaida hakan a tsohuwar kwamfutar ofishinmu. Na mayar da jerin zuwa -diag, na bi fayil ɗin layi-layi ina neman Ta da So, sannan na zaunar da yaron nan ya karanta mini shafin da ƙarfi daga allo, ni kuma ina bin asalin rubutun da yatsa. Na bango kuwa, daga HTML na buga shi.