Gyara Access ko Komawa SQL Server Express?

Ɗan'uwa ya yi tambaya cewa ofishinsu na da kwamfutoci shida da ke amfani da fayil guda ɗaya na Microsoft Access, manhajar adana bayanai a jadawalai, kuma da zarar mutum uku sun buɗe shi sai komai ya yi nauyi, don haka yana son sanin ko gyara ya fi, ko kuwa su koma SQL Server Express, wata manhajar adana bayanai ta Microsoft da ke aiki a kan babbar kwamfuta ɗaya.

Malam, bambancin yana wurin da ake yin aikin. A Access, kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin, ajiya kawai take yi; kwamfutar ma'aikaci ce ke janyo bayanai ta waya ta tace su da kanta. Idan aka nemi sunan abokin ciniki a jadawalin da ba shi da fihirisa (index, jerin da ke saurin nuna inda bayani yake), sai an kwaso jadawalin gaba ɗaya kafin layi guda ya fito a allo. SQL Server kuwa yana yin binciken a wurinsa, ya aiko da amsar kaɗai, shi ya sa raunin hanyar sadarwa bai cika damun sa ba.

Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, yayin da Express na 2022, wanda kyauta ne, ke ɗaukar gigabait 10. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukewar wuta, domin idan ta katse ana tsakiyar rubutu fayil ɗin Access na iya lalacewa, alhali SQL Server yana da kundin da yake bi ya mayar da aikin da bai kammala ba. Sai dai ƙaura tana da nata wahalar: ana buƙatar kwamfuta mai zama a kunne, da wanda zai riƙa adana kwafi, kuma fom ɗin (shafin da ma'aikaci ke shigar da bayanai ko duba su) da aka tsara shi yana buɗe dukkan bayanai zai ci gaba da jan ƙafa ko bayan an ƙaura.

A ganina, ofis mai kwamfuta shida ya fara da gyara. Ku raba fayil ɗin biyu, jadawalai su zauna wuri ɗaya, kowane ma'aikaci kuma ya sami nasa kwafin fom da rahoto a kwamfutarsa. Ku sauka daga Wi-Fi ku koma haɗin waya ta kebul, sannan ku duba ko haɗin yana nuna megabit 1000, domin waya ɗaya mai tsinkakken sili tana iya mayar da shi 100 ba tare da kowa ya lura ba. Ku sa fihirisa a wuraren da ake yawan bincike, ku yi Compact and Repair, wato umarnin Access na matse fayil da gyara shi, bayan kowa ya fita daga fayil ɗin, ku kuma haɗa kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke.

Idan bayan wannan nauyin bai ragu ba, ko fayil ɗin ya doshi gigabait 2, to ku mayar da jadawalan zuwa SQL Server Express, ku bar fom ɗin Access da ma'aikata suka saba da shi.