Jakar iska a ƙarƙashin akori-kurata: saƙo daga Hustan

Yaya, barka da aiki. Ya gareji, ya su Hajiya da yara? Hoton akori-kurar da na turo, ka ce kamar wadda aka danƙara wa siminti har ta zauna. Ba lodi ba ne, a haka na saye ta. A nan Hustan ta jihar Teksas, samari, musamman 'yan asalin Meziko, da gangan suke sauke motocinsu ƙasa, su sa musu manyan wili don ado. Tawa Chevrolet Silverado 1500 ce ƙirar 2012. Na same ta da sauƙi don mai ita ya matsu, ni kuma ina neman abin kwasar injina da giyabos zuwa wurin masu loda kwantena.

Yadda suke sauke ta zai ba ka sha'awa. A ƙirar kamfani, aksil na baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya biyu, yana ƙarƙashin sifirin. Su kuma sai su juya, su ɗora shi a bisa sifirin, bayan mota ya sauka kamar inci 6. Tunda aksil ya matso kusa da shasi, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, sai a yanke shasin a yi masa lungu mai siffar harafin C, a ƙarfafa shi da ƙarfe, don aksil ya sami wurin shiga in an faɗa rami. In ba kaya, tafiya lafiya lau. Amma ranar da na ɗora injina biyu, duk ɗan tudun da na taka sai na ji "gum" har cikin haƙorana, fitilun gaba suna haska sama, sitiyari ya yi sako-sako a hannu.

Na san abin da za ka ce: a ƙara mata sifirin. Da a gida ne, da safe ka aiki yaro Ƙofar Ruwa ya samo na Beljiyam, kafin la'asar an ɗaure, mai mota ya biya ya yi godiya. A nan bakanike sama da dala 100 yake karɓa a awa guda, kuma sai ka yi waya an sa maka rana. Wallahi a nan na san darajar hannunku. Sannan ƙarin sifirin yana sa mota ta sandare ko ba kaya, ni kuwa rabin zirga-zirgata fanko nake yi.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini jakar iska. Roba ce mai kauri, ɗaya a kowane gefe, ana ɗaure ta tsakanin shasi da aksil ko sifirin. In za ka yi lodi ka ba ta iska ta tallafa wa sifirin, in ka sauke ka rage. Kamfanoni biyu aka fi sani da ita, Firestone da Air Lift. Na biyun a Mishigan yake, tun 1949 yake wannan sana'a. Kana zaune a ɗaki za ka rubuta shekarar mota da ƙirarta a intanet, a kawo maka har ƙofa, da notuna da tiyo da littafin bayani mai zane.

Sai dai ta farko da aka kawo ba ta shiga ba, domin don mota mai tsayin kamfani aka ƙera ta. Mazauninta shi ne gurbin robar da ke tare aksil kada ya daki shasi, a tawa kuwa an riga an yanke wurin, ratar da ta rage ba ta kai tafin hannu ba. Da na matsa ta ta shiga, da kullum a murƙushe za ta zauna har ta fashe. Na mayar, suka dawo mini da kuɗina ba gardama. Wannan kam sun fi mu. A karo na biyu na ajiye motar a wuri mai daidai, na auna ratar shasi da aksil, na auna tsakanin shasi da taya, na kira kamfanin na karanta musu. Suka ba ni siririya mai kama da hannun riga, wadda aka yi don motocin da aka sauke.

Ni na ɗaure ta da kaina ranar Asabar, bayan na kafa motar a kan ƙafafun ƙarfe, don ka hana ni shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai tun ina yaron gareji. Kafin na huda shasi sai da na laluba bayansa, saboda bututun birki da na mai da wayoyi a nan suke bi. A gefe ake huda, ba a taɓa leɓen sama ko na ƙasa. Kusa da salansa na sa garkuwar zafi, na janye tiyo nesa da shi. Abin da na fi so ka lura da shi: kowace jaka da tiyonta da bawul ɗinta. In ka haɗa su a layi guda, da ka sha kwana iska za ta gudu daga gefen da nauyi ya danne ta koma ɗayan, motar ta ƙara karkata. Bawul biyun na fito da su kusa da lamba, irin na taya ne sak. Na fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa kamar yadda mai faci yake yi, wuri guda ya yi kumfa, na sake yanke bakin tiyon a miƙe. Ƙa'idarta kada iska ta gaza 5 a geji ko ba kaya, kada kuma ta haura 100.

Yanzu motar tana tsayawa cak da lodi, kuma haɗarin ke nan. Ido zai ce maka a ƙara. Littafin nasu ya faɗa ƙarara cewa jakar ba ta ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan abin da kamfani ya yanka mata. Birki na nan yadda yake, aksil na nan yadda yake, shasin ma an yanke shi. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda mai nuna iyakar nauyin, har da direba da fasinja a lissafin. Siraran tayoyin ado da na tarar ma na cire, na sa masu lambar ɗaukar nauyi. Kuma a gidajen man manyan motoci akwai sikelin da za ka hau, ka biya ƙasa da dala 20, a ba ka takardar nauyin gaba da na baya. Ina tuna Hilux ɗin da ake kawo maka daga kasuwar Dawanau, buhuna har sun fi kan mota tsayi, sifirin an ƙara har sau biyu, mai ita yana mamakin yadda aksil ya karye.

Ka tambaya ko in saka maka saiti biyu na jakar iskar a kwantena. Ina jinjina abin. A hanyar ƙauye, in jaka ta huje babu mai sayar da ita, sifirin kuwa ko'ina za a samu. Amma ga mai Hilux da ke yawo cikin gari zuwa Zariya, zan so ka gwada. Ka turo mini shekarar motar, da hoton ƙarƙashinta ta baya, da awon ratar shasi da aksil tana fanko. Kwantenar za ta tashi bayan salla in Allah ya yarda. A gaishe da Hajiya, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.