Ranar da na kai Hajiya situdiyo, da yadda billenta ya ɓace a hoto

A watan da mahaifiyarmu ta cika shekara 70 muka lura cewa babu hotonta na kirki ko guda ɗaya a gidan, in ban da na fasfo da aka ɗauka lokacin da za ta tafi aikin Hajji, da wasu na waya da aka ɗauke ta a wuraren biki tana kau da kai. Wannan ne ya sa na nemi wani situdiyo a Kano da ke yin hoton tsari, wato irin wanda ake shirya ɗaki da kaya da haske tun kafin mutum ya zauna. Abin da na biya ya ƙunshi zama na awa uku, da mai kwalliya, da hotuna goma gyararru, da guda ɗaya babba a cikin firam, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Kwana huɗu kafin ranar, mai ɗaukar hoton ya kira ni ya tambayi irin ɗakin da Hajiya ta zauna a ciki tana amarya, kuma wannan tambayar ce ta fara kwantar mini da hankali. Da na gaya masa cewa har yanzu tana ajiye da ragowar kayan jerenta, sai ya ce mu zo da su, domin kayan da suke ajiyewa a situdiyo sababbi ne, ƙyallinsu yakan tona asirin hoto. Muka je da langa shida, da fanteka, da tasar tagulla da ta yi duhu saboda tsufa, da wani faifai da aka saya a Kasuwar Kurmi tun ban san kaina ba. Shi kuma ya rataya atamfa mai ruwan ƙasa a bango maimakon farar takardar da suka saba amfani da ita, ya ce ya ɗauko dabarar ne daga hotunan Seydou Keïta na Mali, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana zaunar da mutane a gaban yadi mai zane.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba zai yi zaton ɗaki ne mai faɗi da tsari. Abin da ke shiga hoto bai wuce faɗin tabarma biyu ba, sauran wurin kuwa wayoyin lantarki ne a ƙasa an danne su da salatif, da ƙafafun fitilu, da jakunkuna, da yaron situdiyo da ke kai-komo ba takalmi don kada ya ɓata shimfiɗa. Jera kwanukan kaɗai ya ci kusan minti arba'in, saboda kowace langa tana mayar da hasken fitila kamar madubi, sai an riƙa karkatar da ita kaɗan-kaɗan har farin ɗigon da ke jikinta ya ɓace. Hajiya ta zuba musu ido har ta gaji, ta ce, "Ɗan nan, ba haka ake jere ba, babba a ƙasa take zama." Ya ce, "Ki yi haƙuri Mama, ki nuna mana," kuma ya bar ta ta gyara da hannunta, abin da ya sa ta sake jiki fiye da duk wani lallashi da na yi mata a mota.

Mai kwalliyar ta san aikinta. Hajiya ta ƙi jan baki, ta ƙi gashin ido, ta yarda da kwalli da hoda kawai, ita ma hodar sai da aka bayyana mata cewa maiƙon goshi ake so a kashe don kada ya yi walƙiya. Ɗaurin ɗankwali kuwa nata ta yi, irin wanda take yi tun muna yara.

Inda na fi tsayawa na kalla shi ne wajen haɗa haske. Ya kashe duk ƙwayayen ɗakin, ya ce launinsu ja-ja ne, na fitilarsa kuma ya yi kusa da na rana, idan suka haɗu fuska takan fito launi biyu. Sannan ya kafa babbar fitila guda, wadda ke cikin wani akwati mai fuskar farin yadi domin hasken ya yi laushi, ya ajiye ta gefen Hajiya, sama da kanta kaɗan. A ɗaya gefen ya sa yaron ya riƙe wani faifai mai ƙyallin azurfa da ke mayar da haske zuwa ɓangaren da inuwa ta rufe. Ya yi ta matsar da fitilar taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, har wani ɗan haske mai kusurwa uku ya bayyana a ƙarƙashin idonta na ɓangaren inuwa, ya ce masu sana'ar suna kiran wannan tsari da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17, domin haka yake haskaka fuskokin da yake zanawa. Idon kyamarar da ya ɗaura mai milimita 85 ne, ya tsaya nesa kamar taku biyar, saboda idan aka matso kusa da fuska, kamar yadda muke yi da waya, hanci yakan ƙara girma, kunnuwa su ja baya. A bayanta kuma ya ɓoye ƙaramar fitila, aka kunna turaren wuta a kasko, hayaƙin ya riƙa tashi ta cikin hasken.

Kyamarar tana haɗe da kwamfuta ta hanyar kebul, don haka kowane hoto yana fitowa a allo da zarar an ɗauka. Hasken da ya zo ta gefe yana fito da duk wani tudu da kwari na fata, shi ya sa billen da wanzami ya yi wa Hajiya tana jaririya ya fito sarai a kuncinta na hagu, tare da layukan da dariya ta bari a gefen idonta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, duk da cewa ina kallonta kullum. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi na kusan rabin awa, ɗakin da babu taga ya yi zafi har hoda ta fara narkewa, aka koma yi wa Hajiya fifita da faifan da muka kawo. Wannan gazawa ce da bai kamata a samu ba a wurin da ake karɓar irin wannan kuɗi, ko da yake ba su cire lokacin daga awa ukun da na biya ba.

An yi alkawarin mako guda, hotunan suka iso ta WhatsApp bayan kwana goma sha biyu. Da na buɗe na farko sai na yi shiru, domin matar da ke zaune tsakanin kwanukan mahaifiyata ba ta kai shekara hamsin ba, ta yi fari fes, fatarta sumul kamar ta 'yar tsana, kuma billen ya ɓace gaba ɗaya. Hannayenta kaɗai aka manta, suna nan da launinsu na asali a kan cinyarta, sai ka ce aro aka yi mata su. Na kira mai ɗaukar hoton, ya shaida mini cewa ba shi yake gyara ba, akwai wani matashi da ke karɓar aikin ya yi a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, kuma ya saba da amare da 'yanmatan da ke dawo da hoto idan ba a ƙara musu haske ba, don haka ya ɗauki billen a matsayin tabo. Ban ji daɗin uzurin ba, amma ban ƙaryata shi ba, domin duk mai duba hotunan kafin biki da ake yaɗawa a Instagram ya san irin fuskar da kasuwa ke nema. A zamanin da ake ɗaukar hoto da fim ana wankewa, ana iya ɗora wa kayan aiki laifi, tunda a shekarun 1950 kamfanin Kodak hoton farar mace yake raba wa masu wanke hoto su daidaita launi da shi, sai a shekarun 1990 ya fito da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. A wannan karon kyamarar ta ɗauki launin Hajiya daidai, na gani da idona a allo, hannun ɗan gari ne ya goge shi daga baya.

Abin da ya cece mu shi ne suna ajiye ɗanyen hoton kamar yadda ya fito daga kyamara, don haka babu abin da ya salwanta. Na koma situdiyon da kaina, na zauna kusa da matashin, na ce ya cire zaren da ya maƙale a mayafi da ɗigon gumin da ke goshi, ya bar sauran yadda Allah Ya halitta. Aikin bai ɗauke shi minti ashirin ba a kowane hoto, kuma ba su nemi ƙarin ko sisi ba. Duk wanda zai kai dattijo irin wannan wuri, ina ba shi shawara ya tambayi wanda zai yi gyaran tun kafin ya biya, ya faɗi abin da ba ya so a taɓa, kuma ya nemi a turo masa guda ɗaya ya gani kafin a buga babban.

Firam ɗin ya zo da kyau, takardar marar ƙyalli ce kamar yadda na nema, sai dai an ɗan yanke gefen fantekar wajen datsa hoton. Muka rataye shi a falo, Hajiya ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, ta shafa kuncinta na hagu, sannan ta juyo ta tambaye ni inda murfin ƙaramar langarta yake, domin shida ta kai da murafensu, biyar aka dawo mata da su. Washegari yaron situdiyon ya kawo shi a kan babur, ya ce a ƙarƙashin atamfar bango suka tsince shi.