Sharhi: Wata Huɗu Ina Daidaita Hedifon Kafin In Saita Sautin Jita

Shekara biyu ke nan da na ajiye tsohon amfilifayana na koma kan na'urar dijital da ke kwaikwayon amfilifayoyi da akwatunan sifika, wadda 'yan situdiyo ke kira modela. Irin waɗannan na'urori sun daɗe a kasuwa, domin tun 1998 kamfanin Line 6 ya fitar da POD, daga baya Fractal da Kemper suka kawo nasu, amma tawa ƙarama ce mai maɓallan ƙafa uku, na saye ta ta hannu a Sabon Gari. Ina haya ne a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma bango ɗaya ne tsakanina da wani dattijo da ke tashi tun kafin asalatu, saboda haka duk atisayena da duk saitin da nake haɗawa da dare, wato tsarin sautin da ake ajiyewa a cikin na'urar, a cikin hedifon nake yin su.

Matsalar ta fito fili ne a wajen wata liyafar biki a unguwar Nasarawa. Na kwashe mako guda ina gyara saiti uku, har na gamsu cewa ban taɓa samun sauti mai daɗinsu ba, amma da aka jona ni da miksa aka ɗaga sifikun ɗakin taron, sai jitar ta fito a dushe, ba kaifi, ba kauri, ta nutse a ƙarƙashin fiyano da ganga. Mai kula da sauti, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tako har inda nake ya ce, "Malam, jitar nan taka kamar an lulluɓa mata bargo, da me ka saita ta?" Na ce, "Da hedifon, yallaɓai." Ya gyaɗa kai kawai ya koma ya ƙara mata kaifi daga miksa, kuma ko da hakan ba ta dawo yadda na san ta ba.

Da na nemo awon da aka yi wa irin hedifon ɗina sai na ga inda gizo ke saƙa. Yana ƙara ƙarfin sauti da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙara) a saman sauti, wajajen 8 kHz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, kHz ɗaya kuwa Hz dubu ne), sannan yana da wani kumburi a ƙasa, tsakanin 100 da 150 Hz. Waɗannan wurare biyu kuwa su ne suka fi shafar jitar lantarki. Tsirkiyar da ta fi kauri tana kan 82 Hz ne, don haka kaurin jita yana zaune daidai inda kumburin yake, shi kuma sifikan jita mai inci 12 yana fara zubar da sauti daga wajajen 5 zuwa 6 kHz, ta yadda abin da ya rage a sama da nan, musamman idan an ƙara wa amfilifaya wuta, wani cuuu ne mai kama da soyuwar mai a kasko. Hedifon ɗin yana kambama wannan cuuu, ni kuma ina ta yanke shi, yana kambama kaurin, ina ta rage shi, ashe lafiyayyen sauti nake yi wa aski saboda ciwon da ke cikin abin sauraron.

Maganin da na nema shi ne gyaran hedifon, wanda ba wani abu ba ne illa ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage wani ɓangare na sauti, da aka tsara ta zama kishiyar karkatar hedifon: inda ya yi tudu a sassabe, inda ya yi kwari a cike. Ba miƙaƙƙen layi ake nema ba, wato kowane ɓangare na sauti ya fito da ƙarfi ɗaya, domin kunnen mutum da kansa yana ƙara ƙarfin sauti a wajajen 3 kHz idan daga sifika yake sauraro, kuma dole hedifon ya biya wannan. Ma'aunin da aka fi bi shi ne na kamfanin Harman, wanda ya samo asali daga binciken Sean Olive da abokan aikinsa tun daga 2013.

Na fara da wata manhaja ta kuɗi da ke ba da gwajin mako uku kyauta. Na fitar da sautin modela ta USB zuwa kwamfuta, manhajar ta gyara, sannan ya dawo kunnena. Daren farko ban ji daɗinta ba ko kaɗan, domin komai ya zama lami, kamar miyar da aka manta ba a sa mata gishiri ba, ga shi ƙarar ta ragu saboda manhajar tana sauke ta don kada wuraren da aka ɗaga su fashe. Sai a dare na uku, bayan na saurari faya-fayen da na san su ciki da bai, kunnena ya saba, kuma da na kashe gyaran don gwadawa na ji tsinin nan ya soke ni. Da na buɗe saitin da na kai wajen biki, bargon da aka faɗa mini na ji shi da kunnena a cikin ɗakina, wanda hakan ya fi kowane bayani gamsar da ni.

Abin da ya raba ni da wannan hanya shi ne jinkiri. Idan bafa, wato adadin gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, tana kan 128 a saurin gutsure 48,000 a daƙiƙa, kowane zuwa yana cin kusan milisakan 2.7, dawowa ma haka, kuma idan aka haɗa da sauran abubuwan da tsohuwar kwamfutata ke ƙarawa sai jimilla ta kai wajen milisakan 9. A lissafi wannan daidai yake da tsayawa mita uku daga sifika, tunda sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma a kan dandamali ba wanda ke kuka da mita uku. Amma a cikin hedifon, inda yatsa ke jin tsirkiya nan take kuma ba ɗakin da zai ruɗi kunne, na riƙa jin hannuna yana gaba sautin yana bin sa a baya, musamman a salon jitar Agadas da nake yawan kaɗawa, wanda yatsu ke gudu a cikinsa ba hutawa. Idan na sauke bafar zuwa 64 kwamfutar ta fara ƙas-ƙas. Akwai kuma wani yanayin tacewa a manhajar da ya fi inganci a wajen haɗa waƙa, amma jinkirinsa ya sa ba a iya kiɗa da shi sam. A bar ma maganar wuta, wadda idan an ɗauke ta batirin kwamfutar ba ya kai ni minti arba'in.

Daga nan na koma AutoEq, wani aiki na kyauta da Jaakko Pasanen ɗan ƙasar Finlan ya fara, wanda ya tattara awon hedifon dubbai yake kuma fitar da lambobin gyara ga kowanne. Yana bayar da gyaran a matsayin fayil ɗin WAV ma, kuma na gwada loda shi a gurbin IR na modela, inda ake loda ɗan gajeren fayil da ke canja launin sauti, bayan gurbin da ke kwaikwayon akwatin sifika. Ya yi aiki, sai dai ya cinye mini gurbi ɗaya cikin 'yan kaɗan da nake da su, dole kuma in saka shi a kowane saiti daban, sannan IR mai tsawon gutsure 1024 bai wuce milisakan 21 ba, wanda bai isa ya gyara ƙasan sauti da kyau ba. Abin da na tsaya a kai a ƙarshe ya fi wannan sauƙi: na ɗauki gyare-gyare uku mafiya girma daga cikin goman da aka ba ni, na shigar da su da hannu a babbar ikwalaizar modela, wadda ke hawa kan dukkan saiti. Ba jinkiri, ba kwamfuta, kuma a kunnena kusan duk amfanin manhajar kuɗin na same shi, domin jita ba ta da ruwa da abin da ke ƙasa da 70 Hz ko sama da 10 kHz, inda sauran gyare-gyaren suka fi taruwa.

Akwai abubuwa biyu da gyaran bai taɓa ba. Na farko shi ne ƙara. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙasa da saman sauti sosai idan ƙarar ta yi ƙasa, saboda haka saitin da aka haɗa a hankali da tsakar dare zai ƙara kaifi da kauri idan aka ɗaga shi a ɗakin taro, ko da hedifon ɗin ya daidaitu. Na biyu shi ne jin amfilifaya a ɗaki. Abin da modela ke bayarwa sautin makirfo ne da aka manna a bakin sifika, ba iskar da ke bugun ƙafar wando ba, kuma duk wanda ya sa ran gyaran hedifon zai dawo masa da wannan zai sha mamaki. Ɗan amon ƙaramin ɗaki da na ƙara a ƙarshen jerin guraben modela ya rage mini jin cewa jitar a tsakiyar ƙwaƙwalwata take.

Yanayin Kano ma yana da nasa hannun. Awon da ake dogara da shi an yi shi ne da sababbin soson kunne, nawa kuwa hunturu ya tsattsaga fatarsu, gumin watan Afrilu ya lanƙwasa su, kuma da zarar iska ta samu hanyar fita kaurin sautin ya zube. Sai da na canja soson lambobin suka yi daidai da abin da nake ji, kuma na lura ko tabarau na saka ƙasan sautin yana raguwa.

Kuskure ɗaya na tafka, kuma nawa ne ni kaɗai. A wani zaman atisaye a Titin Gidan Zoo na manta ban kashe babbar ikwalaizar ba, ita kuwa a na'urata tana fita ta manyan kafofin da ke zuwa miksa kamar yadda take fita ta hedifon, don haka maganin da aka haɗa wa hedifon ya tafi cikin sifikun da ba su da ciwon. Mun yi waƙa biyu ina zargin waya kafin in tuna. Bayan na kashe ta, saitin ya zauna daram tsakanin fiyano da murya ba tare da an taɓa miksa ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba a shekara biyun nan. Yanzu akwai guntun farin salatif a gefen maɓallin ƙafa na farko, na rubuta "kashe" a kansa da jan biro.