Katunan zanen Goya: hoton ya yi, bayanin baya ne ya cika baki

Wata biyu ke nan da na karɓi fakitin katuna 24 na zane-zanen Francisco Goya, mai zane ɗan ƙasar Sifen, da na yi oda daga wani shago ta intanet. Ba manyan hotunan da ya yi wa sarakunan Sifen ba ne, zanen da ya riƙa yi wa kansa ne a littattafansa guda takwas, da tawada ko baƙin alli: mabarata, tsofaffi, 'yan wasan titi, mata a cikin gida.

Takarda dai mai kauri ce, ba ta ƙyalli, har sawun allin kana gani. Kati biyu sun iso da lanƙwasa a gefe, na bar wa Allah.

Abin da ya dame ni shi ne rubutun da mai shagon ya buga a bayan kowane kati, wai bayani. Akwai wani tsoho a kan lilo, ƙafa ba takalmi, ya washe baki yana sama. A baya an rubuta cewa wannan farin cikin tsufa ne. Na miƙa wa mahaifiyata katin ba tare da na karanta mata ba. Ta ɗan nisanta shi da ido, ta ce, "Wannan bawan Allah ai ba dariyar lafiya yake ba." Ƙanina kuwa cewa ya yi dattijon ya more, ya koma yaro. Ni yau in gan shi haka, gobe in gan shi haka. Goya ya zana shi ne a Bordo ta Faransa, inda ya koma a 1824 yana da shekara 78, ga kurunta da ta kama shi tun wajen 1793. Mutumin da ya yi shekara talatin yana karanta fuskokin mutane ba ya jin muryarsu ya san murmushi ba magana ɗaya yake yi ba. Don me wani zai zo ya rufe zancen da layi guda?

Haka katin mabaracin Bordo da ke tuƙa kekensa da hannu, wanda da ganinsa sai na tuna kekunan guragu na titunan Kano. Bayani ya ce "tausayi". To amma abin da Goya da kansa ya rubuta a jiki shi ne mabarata masu kai kansu da kansu. Tausayi ne, ko sha'awar dabarar mutumin, ko ɗan zolaya? Bai faɗa ba. Ko inda ya sa rubutu ma, ƙara ɗaure kai yake yi. Dubi tsohon nan mai dogon gemu da ke dogara sanda biyu, wanda asalinsa ke gidan adana zane na Prado a Madrid, da kalmominsa "har yanzu ina koyo". Kana iya jin alfahari a ciki, kana iya jin gajiyar wanda ya kusa kabari, domin a 1828 mai zanen ya rasu.

Zan sake saye? Zan saya, kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai na manna su a bangon ɗakina, bayansu na kallon siminti.